Mayar da Windows Sabo Ta Ɓangaren Farfaɗowa na Laftof: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne ɓangaren farfaɗowa, kuma a ina yake?

Faifan ajiyar laftof, ko irin na da ne mai juyawa ko SSD na zamani marar juyawa, a yanke yake gida-gida. Gidan da kowa ya sani shi ne C, inda Windows da fayilolinka suke zaune. Akwai wasu gidajen da ba a ba su harafi ba, shi ya sa ba ka ganinsu idan ka buɗe "This PC". Ɓangaren farfaɗowa yana cikinsu.

Iri biyu ne, kuma haɗa su da ake yi shi ke kawo yawancin ruɗani. Na farko ƙarami ne, daga megabait 500 zuwa gigabait 1 ko kusa da haka. Windows ne ke yin sa da kansa, kuma a ciki akwai fayil mai suna winre.wim, wato wani ɗan ƙaramin Windows na gaggawa, shi ne mai nuna shuɗin allon nan da ke ɗauke da "Troubleshoot". Kayan gyara ne kawai a cikinsa, babu cikakken Windows.

Na biyu babba ne, yakan kai gigabait 10 zuwa 20. Kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ne ya ajiye shi, yana ɗauke da cikakken kwafin kwamfutar yadda ta bar masana'anta: Windows, direbobi (manhajojin da ke sa Windows ya iya aiki da sassan kwamfutar), da manhajojin kamfanin. A laftof na zamanin Windows 7 da Windows 8 aka fi samunsa. Da Windows 10 ya fito a 2015 sai tsarin ya canza. Yanzu idan aka yi "Reset", daga fayilolin da ke cikin C ake sake gina Windows, a foldar da ake kira WinSxS, don haka kamfanoni da yawa suka daina ajiye babban ɓangaren. Kamfanin HP ma tun wajen 2018 ya daina saka manhajarsa ta Recovery Manager a sababbin kwamfutocinsa.

Ta yaya zan san ko tawa tana da shi har yanzu?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, ka danna Enter. Za ka ga faifan a shimfiɗe gida-gida. Nemi wanda aka rubuta wa "Recovery Partition" ko "OEM Partition", ka dubi girmansa. Girman ne zai gaya maka wane iri ne. Kada rubutun "100% Free" da kan bayyana a gefensa ya ruɗe ka; ba fanko ba ne, Windows ne bai leƙa ciki ba.

Ganinsa kaɗai bai isa ba, sai ka tabbatar yana aiki. Buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin shugaba, wato "Run as administrator", ka rubuta:

reagentc /info

Idan ya nuna "Enabled" tare da wurin da fayil ɗin yake, lafiya lau. Idan "Disabled" ya nuna, rubuta reagentc /enable. In ya ce bai sami fayil ɗin ba, to winre.wim ya ɓace, sai dai a ciro wani daga filashin girka Windows.

Na sayi laftof ta hannu, na danna maɓallin farfaɗowa lokacin kunna ta, ba abin da ya faru. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar masu sayen laftof a kasuwanninmu, domin galibin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka na hannu ne. Kafin a sayar da irin waɗannan kwamfutoci a can, ana goge faifansu tas ko a cire shi gaba ɗaya saboda bayanan masu su na farko. Da suka iso, dillali ko mai gyara ya saka wani faifan ya ɗora Windows daga filashi, wani lokaci ma kwafi ɗaya ake zuba wa kwamfutoci iri daban-daban. Babban ɓangaren kamfani ya tafi tun a can. Abin da za ka samu, in an yi sa'a, shi ne ƙaramin na Windows.

Haka abin yake idan an taɓa yi wa kwamfutar fomatin a shago aka share duk gidajen faifan, ko an ɗora Linux, wani tsarin daban da Windows, a gefe ya karɓe ragamar tashin kwamfutar, ko an sauya tsarin faifan daga MBR zuwa GPT. A wasu lokutan ɓangaren yana nan daram, hanyar da maɓallin ke bi ya kai gare shi ce ta yanke.

Yaushe ne mayarwa ke magani, yaushe ne ɓata lokaci?

Tana magani idan ciwon na manhaja ne: Windows ya ƙi tashi bayan sabuntawa, bairos ya yi kaka-gida, an cika kwamfutar da tarkacen manhajoji har ta yi nauyi, ko za ka sayar da ita.

Ba ta maganin ciwon ƙarfe. Idan kwamfuta na mutuwa da kanta saboda zafi, fanka ce ko ƙura. Idan faifan na ƙara ƙas-ƙas, ko buɗe folda ɗaya na ɗaukar minti guda, ko HP ta nuna "Boot Device Not Found" da lambar 3F0, faifan ne abin zargi. Mayar da Windows a kan faifai mai ciwo kuskure ne babba, domin aikin rubutu ne mai nauyi na awanni, sau da yawa shi ke ƙarasa faifan, a rasa Windows a rasa fayiloli.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A HP, danna Esc da zarar ka kunna, sannan F2, ka zaɓi gwajin faifai. A Dell, F12 sannan "Diagnostics". Idan Windows na tashi, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce. In ta nuna "Caution" ko "Bad", kwashe kayanka ka nemi sabon faifai.

Wani abu kuma da mayarwa ba ta yi: laftof mai RAM gigabait 4 da faifai mai juyawa za ta yi sauri na 'yan kwanaki, daga nan ta koma gidan jiya da zarar sabuntawa sun sauka. Maganin wannan SSD ne.

Me zan kwashe kafin in fara?

A nan aikin yake. Danna maɓalli minti ɗaya ne, amma abin da aka goge da wuya ya dawo, musamman a SSD, inda tsarin TRIM ke share gurbin fayil jim kaɗan bayan an goge shi.

Kwashe Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos zuwa faifan waje. Gidan D da ke cikin kwamfutar ba wajen ajiya ba ne a irin wannan rana, domin faifai ɗaya ne da C. Bayan waɗannan, akwai abubuwan da ake yawan mantawa da su:

- Kalmomin sirri da shafukan da ka adana a burauza. Ka tabbatar ka shiga asusunka a Chrome ko Firefox kuma sun hau, ko ka fitar da su a fayil.
- Wasiƙun Outlook da ke cikin fayil mai ƙarewa da pst.
- Bayanan manhajojin lissafin kuɗi, na makaranta ko na shago. Da yawansu ba sa ajiya a Documents, a foldarsu suke ajiyewa ko a AppData da ProgramData, waɗanda a ɓoye suke. Yi amfani da hanyar ajiya ta cikin manhajar kanta.
- Lambobin lasisin duk manhajar da ka saya.
- Direbobi. Ƙirƙiri folda a filashi, a ce filashin E ne, sannan a Command Prompt na shugaba ka rubuta dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi. Idan bayan aiki Wi-Fi ya ƙi fitowa, wannan foldar ce za ta cece ka.

Bayan ka kwafe, buɗe fayiloli kaɗan daga faifan wajen ka ga suna buɗuwa. Kasuwa cike take da filashin jabu masu nuna gigabait 64 alhali ainihinsu bai kai 8 ba. Suna karɓar fayil kamar gaske, sai ranar buɗewa a tarar da shirme. Manhajar H2testw tana tona asirinsu.

Windows ɗin ba ya tashi kwata-kwata. Ta ina zan kwashe fayilolin?

Ta ɓangaren farfaɗowar kansa. Shiga "Troubleshoot", sai "Advanced options", sai "Command Prompt". Soka faifan waje. Rubuta notepad ka danna Enter, a cikinsa ka shiga "File" sannan "Open", ka canza nau'in fayil zuwa "All Files". Tagar da ta buɗe za ta ba ka damar yawo cikin faifan, ka kwafi folda ka manna a faifan waje. Ba za ka ga ma'aunin tafiyar kwafin ba, sai haƙuri har alamar jira ta ɓace.

Ka lura haruffa kan canza a nan: C ɗinka na iya komawa D. Ga kaya masu yawa robocopy ya fi:

robocopy D:\Users\Sunanka E:\ajiya /E /XJ /R:1 /W:1

Kada ka cire /R:1 da /W:1 ɗin nan. Idan babu su, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya lalace har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji.

In duk wannan ya faskara, a cire faifan a saka shi a akwatin USB a haɗa da wata kwamfutar. Ƙananan laftof masu ma'ajiyar eMMC ba sa ba da wannan dama, don a like take da allon uwa, wato babban allon da ke haɗa sassan kwamfutar. Sai dai a tashe su da filashin Linux.

Ta nemi wata lamba mai tsawo ta BitLocker. Mece ce ita?

Faifanka a kulle yake, kuma mabuɗin lamba ce mai alƙaluma 48. Laftof da yawa na zamani suna kulle faifai da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Mabuɗin yakan kasance a asusun da aka fara shiga da shi, a shafin account.microsoft.com/devices/recoverykey. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce ko makaranta, yana wurin masu kula da kwamfutocinsu.

Duba tun Windows na tashi: manage-bde -status zai nuna ko a kulle yake. Rubuta lambar a takarda. Idan ta ɓace, babu mai gyaran da zai buɗe faifan, kamfanin Microsoft ma ba ya iya ƙirƙiro ta. Kwamfutar za ta sake aiki bayan an goge komai, amma fayilolin sun tafi.

Wane maɓalli ake dannawa?

Ya danganta da kamfani, wani lokaci ma da samfuri. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, kunna, sannan ka riƙa danna maɓallin a kai a kai tun kafin tambarin Windows ya fito.

- HP: F11
- Lenovo ThinkPad: F11. A IdeaPad akwai ɗan maɓallin Novo a gefe ko cikin ƙaramin rami, ana tsikararsa da tsinke kwamfutar tana kashe.
- Dell: F8 a zamanin Windows 7, sannan "Repair Your Computer". A sababbi, F12 sannan "SupportAssist OS Recovery".
- Acer: Alt tare da F10. Dole "D2D Recovery" ya kasance a kunne a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya tashi.
- Asus: F9
- Toshiba: riƙe maɓallin sifili, 0, sannan ka kunna.
- Samsung: F4
- Sony Vaio: F10, ko maɓallin Assist.

Idan jerin F na kibod ɗinka na sarrafa sauti da haske ne, haɗa da Fn. In ka ga kwamfutar na wucewa da sauri ba ta saurarenka, ba ta mutu da gaske ba ne. Riƙe Shift lokacin da kake danna "Shut down".

Akwai hanyar da ba ruwanta da kamfani. Riƙe Shift ka danna "Restart", ko da daga allon shigar da kalmar sirri ne. In Windows bai kai nan ba, kunna, da ganin tambarin Windows ka riƙe maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta shiga "Automatic Repair" da kanta.

Yaya matakan suke a Windows 10 da 11?

Idan Windows na tashi: a Windows 10, Settings, "Update & Security", "Recovery", "Get started". A Windows 11, Settings, "System", "Recovery", "Reset PC". Idan ba ya tashi, daga shuɗin allo ka zaɓi "Troubleshoot" sannan "Reset this PC".

Kafin ka kai ga wannan, gwada ƙananan magunguna da ke cikin "Advanced options". "Startup Repair" na gyara hanyar tashi. "Uninstall Updates" na cire sabuntawar da ta jawo matsala. "System Restore" na mayar da saituna zuwa wata ranar baya, in akwai wurin komawa da aka adana. Duk ukun ba sa taɓa fayilolinka, kuma mintuna ne.

In ba su yi ba, cire duk abin da ke soke a jikin kwamfutar ban da caja: filashi, katin ajiya, firinta, modem. Zaɓi abin da kake so, karanta allon ƙarshe da ke lissafa abin da zai faru, sannan ka danna "Reset". Kwamfutar za ta mutu ta tashi sau da yawa. Bar ta.

"Keep my files" ko "Remove everything"? "Cloud download" ko "Local reinstall"?

Na farko yana barin fayilolinka da asusunka, amma yana cire duk manhajojin da ka girka, har da Office, ya mayar da saituna na asali. Zai bar maka jerin abin da ya cire a Desktop da sunan "Removed Apps". Ba ya binciken fayilolin da ya bari, don haka idan bairos na kwance a Downloads zai tsallake tare da su. Fayilolin da bairos mai neman fansa ya kulle kuwa suna nan a kulle.

Na biyu yana share komai a C. Shi ne na wanda ya manta kalmar sirri, da mai fama da bairos mai taurin kai, da mai sayarwa. Mai sayarwa ya shiga "Change settings" ya kunna "Clean data", wanda ke bin faifan ya shafe gurbin fayilolin yadda ba za a tono su cikin sauƙi ba. Yana ƙara awanni, amma hotunan iyali da takardun banki sun cancanci hakan. A wurin akwai kuma zaɓin goge dukkan gidajen faifai. Karanta da kyau kafin ka taɓa shi.

Zaɓin saukewa daga intanet, wato "Cloud download", ya shigo da sabuntawar watan Mayu na 2020. Yana cin data sama da gigabait 4, ban da sabuntawar da za ta biyo baya. Idan Windows ɗinka lafiyarsa ƙalau, nauyi kawai ya yi, "Local reinstall" ya wadatar, kada ka ƙona data. Idan fayilolin Windows ɗin ne suka lalace, gini da su zai iya rushewa, sai a koma ga saukewa.

Idan tsohuwar laftof ce mai babban ɓangaren kamfani fa?

Maɓallin zai kai ka manhajar kamfanin: HP Recovery Manager, Lenovo OneKey Recovery, Acer eRecovery, Dell Factory Image Restore, da makamantansu. Zaɓi mayarwa zuwa yanayin masana'anta, ka tabbatar, ka jira. Bayan an zuba kwafin, kwamfutar za ta yi ta tashi tana girka direbobi da kanta, wani lokaci har allon Desktop ya bayyana alhali ba ta gama ba. Kada ka taɓa linzami ko kibod sai ta tambaye ka suna da ƙasa.

Hattara biyu. Wasu daga cikin waɗannan manhajoji suna mayar da faifan gaba ɗaya yadda aka yanka shi a masana'anta, wato gidan D da ka yanka da kanka zai tafi. Sannan abin da zai dawo shi ne Windows ɗin da kwamfutar ta zo da shi. Idan da Windows 7 ta zo ka ɗaga ta zuwa 10, to 7 za ka gani. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 kuma 10 ga Janairu 2023. Tsohuwar Internet Explorer da ke ciki ba za ta buɗe yawancin shafukan yau ba, Chrome ma ya tsaya a siga ta 109 a kansu. A ra'ayinmu, kwamfutar da za ta hau intanet ko a yi harkar banki da ita bai kamata a mayar da ita can ba.

Awa nawa zai ɗauka, kuma idan aka ɗauke wuta fa?

A SSD, daga rabin awa zuwa awa ɗaya. A faifai mai juyawa, awa biyu zuwa huɗu ba abin mamaki ba ne, "Clean data" kuma na iya cinye yini.

Windows ba ya yarda ya fara sai an soka caja, amma ba ruwansa da abin da zai faru bayan an fara. Idan batirinka ba ya riƙe wuta, ko minti ashirin kawai yake yi, kada ka fara da wutar NEPA kaɗai. Nemi sola, inbata, ko janareta mai isasshen mai, ka kuma tabbatar bakin cajar ba ya motsi. Idan wuta ta yanke a farkon aiki, Windows kan warware abin da ya fara ya nuna "Undoing changes". Idan ta yanke bayan an share tsohon Windows kafin sabon ya tsaya da ƙafarsa, kwamfutar ba za ta tashi ba, sai da filashi. Ɗora ta a kan tebur, ba katifa ko darduma ba, don aikin na sa ta zafi.

Ta tsaya a kashi ɗaya ba ta motsi. In kashe?

A'a, tukuna. Tsayawa a lamba ɗaya na tsawon awa guda abu ne da aka saba gani a faifai mai juyawa. Dubi fitilar faifai in akwai. Muddin tana ƙiftawa, aiki na tafiya. Allo baƙi ma ba hujja ba ne, taɓa Shift ka gani ko barci ya yi. Sai an shafe awa uku ko huɗu babu motsin lamba, babu na fitila, sannan a riƙe maɓallin wuta.

Ta ce "There was a problem resetting your PC". Sai yaya?

Idan ta ƙara da "No changes were made", ba ka yi asarar komai ba. Sanadin yakan zama ɗayan uku: fayilolin Windows sun lalace, ɓangaren farfaɗowa ya sami matsala, ko C ya cika. Bi su a jere. Samar da fili a C, gigabait 20 ko fiye. A Command Prompt na shugaba rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, yana buƙatar intanet. In ya gama sai sfc /scannow. Daga nan reagentc /disable, sannan reagentc /enable. Sake gwadawa, wannan karon da "Cloud download".

Saƙon "Could not find the recovery environment" yana nufin winre.wim ba ya nan ko an kashe shi. Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima aka rage masa nauyi, irin wanda wasu shaguna ke ɗorawa, sau da yawa an cire masa wannan ɓangaren da gangan. Kada ka wahalar da kanka a kansa. Girka sabo daga filashi ya fi.

Zan rasa lasisin Windows?

Idan na gaskiya ne, a'a. Tun daga Windows 8 lambar lasisi a cikin allon uwa take, Windows na karanta ta da kansa. Windows 10 da 11 kuma suna tuna kwamfutar, da ta hau intanet sai lasisin ya dawo, muddin nau'in bai canza ba, wato Home ya koma Home, Pro ya koma Pro. A Windows 7 lambar mai haruffa 25 tana kan takardar da aka manna a ƙasan laftof ko ƙarƙashin batir. Ɗauki hotonta kafin ta goge.

Idan da manhajar fashi aka kunna shi, zai iya dawowa yana neman lasisi. Office na fashi ma ya tafi ke nan.

Bayan mayarwa sai ta nuna sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikaci. Me ke nan?

Kwamfutar na cikin rajistar wani kamfani ko makaranta ta tsarin Windows Autopilot, kuma ba a cire ta ba kafin a sayar. Rajistar ba a faifai take ba, a wurin Microsoft take, an ɗaure ta da lambobin jikin kwamfutar, don haka sauya faifai ko sake fomatin ba ya cire ta. Masu ita na farko ne kaɗai ke iya sakinta. Mayar wa wanda ya sayar maka. Mai sayen laftof ta hannu zai kyauta wa kansa idan ya yi "Reset" ya haɗa ta da intanet tun kwanakin gwajin da dillali ya ba shi ba su ƙare ba.

An gama. Me ya rage?

Haɗa da intanet ka bar Windows Update ya yi ta aiki har ya ce babu saura. Zai nemi a sake kunnawa fiye da sau ɗaya. Buɗe Device Manager ka duba ko akwai alamar rawaya. In akwai, ko ka ɗauko direba daga shafin kamfanin da lambar samfurin kwamfutarka, ko ka dawo da waɗanda ka adana: pnputil /add-driver E:\direbobi\*.inf /subdirs /install. Guji manhajojin nan masu alƙawarin nemo maka dukkan direbobi, tarkacen da suke shigowa da shi ya fi amfaninsu.

Bincike fayilolinka da Windows Security kafin ka mayar da su. Mai rubutu da Hausa ya koma saitin harshe ya ƙara kibod ɗin Hausa, domin ɓ da ɗ da ƙ sun tafi tare da tsofaffin saituna. Ka kuma sani tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro na kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel galibi daga ƙarni na 8 zuwa sama.

MacBook da Chromebook fa?

A MacBook mai Intel, riƙe Command da R lokacin kunnawa. A masu M1 zuwa sama, riƙe maɓallin wuta har zaɓuɓɓuka su fito. Sake girka macOS na buƙatar intanet. A Chromebook ana kiran aikin Powerwash, yana cikin saituna, mintuna kaɗan ne.

Zan iya goge ɓangaren in sami fili?

Ƙaramin bai kai a yi maganarsa ba, bar shi. Ƙanƙantarsa ce ma takan zama matsala: a Janairun 2024 sabuntawar KB5034441 ta ƙi shiga kwamfutoci da yawa masu Windows 10 tana nuna 0x80070643, saboda tana buƙatar filin megabait 250 a cikin ɓangaren, da yawa kuma ba su da shi.

Babban na kamfani ana iya goge shi idan Windows ɗin da ke ciki ya tsufa ko faifan ƙarami ne, amma sai bayan an yi filashin farfaɗowa. Kada kuma ka kuskura ka taɓa wanda aka rubuta wa "EFI System Partition". Shi ke tayar da kwamfutar.

Idan faifan ya mutu, ko zan sauya zuwa SSD?

Ɓangaren farfaɗowa a kan faifan yake, tare suke mutuwa. Ajiye makullin safaya ne a cikin ɗakin da ake tsoron ya kulle. Don haka a yi filashi tun kwamfutar na da lafiya. Nemi "Recovery Drive" a Start, ka bar alamar "Back up system files to the recovery drive" a kunne, ka soka filashi mai gigabait 16 ko fiye. Duk abin da ke kan filashin zai goge, kuma aikin kan kai awa ɗaya ko fiye. Fayilolinka ba sa ciki, Windows da direbobi ne kawai. A sabunta shi shekara-shekara.

Wanda bai yi ba har faifan ya mutu, akwai mafita ta wata kwamfutar. Media Creation Tool na Microsoft na yin filashin girka Windows a kan gigabait 8. Dell na da OS Recovery Tool mai aiki da lambar Service Tag da ke ƙasan laftof, HP na da Cloud Recovery Tool mai son filashin gigabait 32, amma ba kowane samfuri suke ɗauka ba. Don tashi daga filashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a Asus.

Idan kwafe tsohon faifai za ka yi zuwa SSD, zaɓi faifan gaba ɗaya, ba C kaɗai ba, sannan ka duba reagentc /info bayan an tashi daga sabon. In kuma girkawa daga filashi kake yi sai allon zaɓen faifai ya fito fanko, SSD ɗin bai mutu ba. A laftof masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama, direban Intel RST, mai sa a ga faifan, ne babu a filashin. Sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka warware shi a cikin filashin, ka danna "Load driver" ka nuna masa foldar, ko ka shiga BIOS ka kashe saitin da ake kira VMD kafin ka fara girkawar.